Yadda ake sauya shokazobar baya ta a-kori-kura a harabar gida

'Yan'uwa masu wanit, wato a-kori-kura, a Makka da Jidda da Madina sun yawaita tambaya ko mutum zai iya sauya shokazobar baya da hannunsa, ko kuwa dole sai an kai mota sana'iyya, unguwar makanikai. Zai iya. A motoci irin Hilux da Datsun da D-Max da L200 da Shas (a-kori-kurar Land Cruiser), wannan na cikin ayyuka mafi sauƙi a ƙarƙashin mota, domin nauyin baya yana kan sifirin mai falle-falle ne, wanda ake ce wa susta a nan, ita kuwa shokazoba tana gefe ita kaɗai, ɗauri biyu ke riƙe da ita, ɗaya a jikin shasi, ɗaya a jikin aksul. Ba a buƙatar matse sifirin kamar yadda ake yi a gaban motoci da yawa. Wanda bai taɓa yi ba zai gama cikin awa 2 zuwa 3 idan tsatsa ba ta kama notunan ba. Wuri uku aikin ke ɓaci: sayen wadda ba tsawonta ba, tokare mota da ganganci, da ƙarfafa noti kafin lokacinsa. A kansu za mu fi tsayawa.

1. Tabbatar shokazobar ce ta mutu

Aikin shokazoba shi ne kashe lilon mota bayan ta faɗa rami ko ta hau matabb, wato tudun rage gudu na kan titi. Ba ta ɗaukar nauyi. Idan bayan motarka ya zauna ƙasa, ko ta karkace gefe ɗaya alhali babu kaya, susta ce ta gaji ko falle ɗaya ya karye, kuma sabuwar shokazoba ba za ta ɗaga ta ba.

Leƙa ƙarƙashi da tocila. Ɗan damshin mai da ƙura ta manne masa a saman jikin shokazoba ba laifi ba ne. Amma idan mai ya gangaro har ƙasa, jikin ya jiƙe ya yi baƙi, ta gama aiki. Duba robobin sama da ƙasa, ko sun tsattsage ko sun fita daga mazauninsu. Duba jikin ƙarfen, ko dutse ya lotsa shi. Sai ka shafa tayar baya da tafin hannu: idan ka ji ta cinye tudu da kwari, alama ce taya na tsalle a kan titi. A tuƙi kuma, bayan mota yana ci gaba da lilo bayan matabb, yana zillewa a kwana, musamman idan babu kaya.

Gwajin danna bayan mota a saki ba ya faɗin gaskiya sosai a a-kori-kura, saboda sustarta na da tauri, da ƙyar mutum ɗaya ke motsa ta. Ka fi dogara da abin da idonka ya gani da abin da ka ji a tuƙi. Kamfanonin shokazoba sukan ba da shawarar a fara sa ido daga kilomita 80,000. Motar da ke jigilar siminti ko tankin ruwa kullum ba ta jiran wannan adadi.

Idan robobi ne kawai suka mutu, jikin a bushe yake, kana iya sayen robobin su kaɗai da kuɗi kaɗan, matakan da ke ƙasa duk iri ɗaya ne.

2. Sayen wadda ta dace

A shagon kayan gyara sunanta musa'idat, ɗaya kuma musa'id. Ka ce na baya kake so, khalfi. Tafi da istimara, wato takardar rajistar mota, domin lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 tana jiki, da ita mai shago zai fitar da lambar kayan. Kada ka tsaya ga faɗin "Hilux ce". Shekarar ƙira, ghamara (ɗakin zaman mutane) ɗaya ko biyu, dabal ce (mai ja da taya huɗu) ko ba dabal ba, duk suna iya sauya tsawon shokazoba da siffar bakinta. A wasu motocin ta dama da ta hagu ma lambarsu daban, saboda ɗaya tana gaban aksul ɗaya tana bayansa. Tambayi mai shago wannan kai tsaye.

Biyu za ka saya, ko da ɗaya ce ta zubar da mai. Sabuwa a gefe ɗaya da gajiyayya a ɗayan suna sa mota ta riƙa karkata a kwana da wajen taka birki.

Kaya iri uku za a nuna maka. Akwai asli, na wakala, wato dilan kamfanin motar, wanda ya fi tsada. Na Toyota a Saudiyya ta hannun Abdul Latif Jameel yake shigowa. Akwai tijari, wato na wasu kamfanoni daban, kuma a cikin tijari akwai sunaye masu daraja kamar KYB da Tokico da Monroe da Bilstein, akwai kuma marasa suna da ake sayarwa da araha mai ban tsoro. Sai na tashlih, wato wanda aka ciro daga motar da ta yi hatsari. Shawararmu: asli ko tijari mai suna. Shokazobar tashlih ba a ganin cikinta, ba ka san kilomita nawa ta yi ba, kuma ta iya lanƙwashewa a hatsarin da ya kai motar can. Tashlih na da amfani a ƙofa da fitila da bamba, ban da wannan.

Game da kuɗi, biyu masu kyau sukan ci ɗaruruwan riyal, ya danganta da mota da suna. Tambayi shago uku kafin ka biya, ka kuma tambaya ko farashin ya haɗa da dariba, wato haraji, ta kashi 15 cikin ɗari. Karɓi fatura, wato rasit, mai ɗauke da lambar kayan, ka nemi amincewar mayarwa idan tsawo bai zo daidai ba. Jabu na yawo a kwali mai kama da na asali. Idan aka ba ka "asli" a rabin kuɗin wakala, ajiye shi. Wanda aka sayar wa jabu yana iya kai ƙara ma'aikatar kasuwanci ta lamba 1900, kuma fatura ce hujjarsa.

Za a tambaye ka: ta mai ko ta gas? Duk biyun mai ne a ciki. Ta gas an ƙara mata iskar nitrojin mai matsi don kada man ya yi kumfa idan ya ɗauki zafi, domin mai mai kumfa ba ya riƙe komai. A zafin ƙasar nan, ga kaya, ga doguwar hanya, ta gas ta fi. A ƙira kuma akwai mai bututu biyu da mai bututu ɗaya. Mai bututu ɗaya irin ta Bilstein ta fi saurin huce zafi, ta dace da mai shiga barr, wato hamada, da hanyar tsakuwa, amma ta fi tsada. Kada ka sayi mai tauri ƙwarai don kawai an ce "ta ɗaukar kaya ce". Idan yawancin tafiyarka babu kaya, bayan motar zai riƙa dukan ka a kowane rami.

Gargaɗi: idan an taɓa ƙara wa sustarka falle ko an ɗaga motar, tsawon da lambar shasi ta bayar zai iya gazawa. Gajeriyar shokazoba tana miƙewa iyakarta kafin susta ta gama sauka, sai ta fizge maɗaurinta. Doguwa tana matsewa har ƙarshe kafin aksul ya taɓa robar tsayawa, sai cikinta ya farfashe. A irin wannan motar, auna tazarar maɗauri biyu ka kai wa mai shago awon.

Buɗe kwalin a shagon ka ƙirga abin da ke ciki. Wasu na zuwa da robobi da washa da noti, wasu shokazoba ce tsura. Abin da babu, saya nan take.

3. Kayan aiki

Jak mai taya na tan 3, wanda ake kira ifrita timsah. Matokaran ƙarfe biyu masu ƙafafu, su ma na tan 3. Katako huɗu ko matokarin taya. Soket mai kusurwa shida da sifana masu lamba 14, 17 da 19, su ne suka fi yawa a motocin Japan. Notin taya na Hilux 21 ne. Dogon hannun soket don kwance mai tauri. Sifanar awo, miftah azm, wadda ke kai wa aƙalla 150 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure noti). Man fesawa mai narka tsatsa irin WD-40. Burushin waya, takardar yashi, guduma, ƙarfen ɓanɓara, filayar kulle, ruwan sabulu a ƙaramin kwano, tocila, safar hannu da gilashin kare ido.

A faɗi gaskiya: idan ba ka da jak da matokara da sifanar awo, sayensu zai iya wuce kuɗin aikin da warsha, wato gareji, za ta karɓa. Ribar tana zuwa ne a aiki na biyu da na uku. Aro daga maƙwabci ba aibu ba ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne maye gurbin matokarin ƙarfe da bulo. Bulon siminti yana fashewa lokaci ɗaya ba tare da ya yi ƙara ba, a-kori-kura kuma ko babu kaya tana kusan tan 2.

4. Wuri, lokaci da daren jajibiri

Nemi daɓen siminti mai shimfiɗe, kamar cikin hosh, wato harabar gida. Lungunan Makka da yawa a kan gangare suke, kuma gangare kaɗan ya isa ya zame mota daga kan matokari. Kada ka yi a kan yashi. Kada ka yi a kan kwalta da rana, domin a bazara tana laushi, ƙafar matokari ta nutse a hankali. Idan ba makawa sai kwalta, shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin kowane matokari.

Bayan sallar Asuba ne lokacin aikin. Ƙarfe ya huce, salansa ba zafi, kai ma ba ka gaggawar gudun rana. Sauke duk kayan da ke bayan motar.

Tun da dare, goge notunan huɗu da burushin waya ka fesa musu man tsatsa, da safe ka ƙara. Motar Jidda da Yanbu da Jazan, inda iskar teku ke cin ƙarfe, ta fi buƙatar wannan fiye da motar Riyad.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton kowane ɗauri da waya, sama da ƙasa, dama da hagu, yadda za a ga jerin washa da roba da inda kan bolti ya fuskanta.

5. Tokarewa da ɗagawa

A dabal mai tsayi, sau da yawa ana iya yin aikin gaba ɗaya taya na ƙasa: a sauke tayar safaya don samun sarari, a kwanta a kan kwali. Idan hannunka da soket suna kai wa ɗaurin sama a haka, wannan hanyar ta fi aminci, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyi, ka wuce zuwa mataki na 6. Idan ba sa kai wa, sai ɗagawa.

Gargaɗi: birkin hannu tayoyin baya kawai yake kamawa, giya ma haka a motar da baya ke ja. Da zarar baya ya bar ƙasa, babu abin da ke riƙe motar sai abin da ka sa a tayoyin gaba. Tokare kowace tayar gaba, gabanta da bayanta.

Sassauta notunan tayar baya kwata ɗaya tun mota na ƙasa. Sa jak a ƙarƙashin tulun difaranshiyal, a tsakiya, kada ya taɓa murfin ko notin zubar da mai. Ɗaga har tayoyi su bar ƙasa da yatsu uku. Sa matokari a ƙarƙashin bututun aksul, dama da hagu, kusa da susta, inda ba zai tare maka ɗaurin ƙasa ba, ba zai kuma danne bututun birki ba. Sauke a hankali har nauyi ya zauna a kansu. Bar jak yana ɗan taɓawa. Ka girgiza motar da ƙarfi daga gefe. Idan ta motsa, sake saiti. Cire tayoyi ka tura su kwance ƙarƙashin shasi.

Dalilin da muka zaɓi tokare aksul maimakon shasi shi ne nauyin mota zai ci gaba da zama a kan susta kamar tana ƙasa, abin da za mu buƙata a mataki na 9. Wanda ya tokare shasi don neman ƙarin sarari, lallai ya bar jak a ƙarƙashin aksul. A wasu motocin shokazoba ce ke hana aksul sauka da yawa, idan aka kwance ta sai ya faɗo, ya ja robar birki da wayar ABS, na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki.

Kada ka shiga ƙarƙashin mota babu kowa a gida. A samu wani kusa, ko da yaro ne mai hankali da waya a hannu. Lambar motar asibiti ta Hilal Ahmar 997 ce.

6. Cire tsohuwa

Gefe ɗaya za ka gama kafin ka taɓa ɗayan, domin ɗayan ya zame maka abin dubawa.

Bakin shokazoba iri biyu ne. Akwai mai zobe, da roba a ciki, wanda ko dai bolti ke ratsa shi, ko kuma ya shiga wani sandan ƙarfe da aka yi wa walda a jikin shasi ko aksul, a rufe da washa da noti. Akwai kuma mai tsinke, wanda sandansa mai zare ke ratsa rami a shasi, roba sama roba ƙasa, noti a kai.

Fara da sassauta duka biyu ba tare da ka cire ba. Zaunar da soket har ƙarshe, ka ja da dogon hannu a hankali, ban da fizga. Idan noti ya ƙi, ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan sannan ka dawo, wannan na fasa tsatsar. Idan ya fara juyawa sai ya yi tauri, tsaya, ka fesa mai, ka mayar da shi baya, ka sake gaba, haka-haka har ya fito. A nan ake yin asara mafi girma a aikin: sandan da aka yi wa walda idan ya karye, aikin gida ya ƙare, sai mai walda, kuma walda kusa da tankin mai ba ƙaramin aiki ba ne. Minti goma na haƙuri sun fi.

Gargaɗi: kada ka kawo wuta don narka tsatsa. Tankin mai da bututunsa suna nan kusa, shokazobar gas kuma tana da matsi a ciki, tana iya fashewa da zafi.

A mai tsinke, sandan kan juya tare da notin. Yawanci akwai fili a kan tsinken da ƙaramar sifana za ta kama, ko rami mai kusurwa shida. Tunda tsohuwar ta shara ce, kana iya kama jikinta na sama da filayar kulle. Idan duk ya gagara, a yanka notin da zarton ƙarfe na hannu, a nesa da jikin shokazobar.

Cire na ƙasa tukuna. Idan bolti ya ƙi zamewa, mayar da notin bakin zaren ka buga a kansa da guduma, kada ka bugi zaren tsirara. Idan ya cije saboda nauyi, ɗan taɓa jak sama ko ƙasa har ya saki. Ta gas da sauran ƙarfinta za ta miƙe da kanta da zarar ta kuɓuta, ka janye yatsunka daga tsakaninta da maɗaurin. Sannan cire na sama, hannu ɗaya riƙe da ita. Jera washa da robobi a ƙasa yadda suka fito.

Sai shara. Goge sandan maɗauri da burushi da takardar yashi har ya yi sumul, ka cire duk tsohuwar roba da ta manne. Duba maɗaurin ko ya tsage a bakin walda, ko raminsa ya faɗaɗa ya zama kamar ƙwai. Boltin da ya sirance a tsakiya ko zarensa ya cinye, sauya shi da mai ƙarfi irin nasa. Lambar ƙarfin tana kan boltin, kamar 8.8 ko 10.9 a yawancin na kasuwa. Kada ka sa boltin kayan gini.

7. Kwatantawa da shirya sabuwa

Kwantar da tsohuwa da sabuwa kafaɗa da kafaɗa. Siffar baki, faɗin zobe, girman ramin roba, duk su zo ɗaya. Tsawo a miƙe da tsawo a matse kada su bambanta da fiye da 'yan milimita. Idan akwai ƙaramin bututun ƙarfe a cikin robar tsohuwa amma babu a sabuwa, dole a samo shi, in ba haka ba bolti zai riƙa kaɗawa a ciki.

Ta gas takan zo a matse da igiyar roba ko waya. Idan lambar kayan ta tabbata daidai, bar igiyar, za ta taimake ka wajen ɗaurawa. Wadda ta zo ba igiya, musamman mai bututu biyu, tsayar da ita a miƙe yadda za ta zauna a mota, ka matse ta har ƙasa ka ja ta har sama sau 4 ko 5. Ta daɗe kwance a shago, iska ta shiga inda mai ya kamata ya kasance, wannan ne ke mayar da kowa wurinsa. Da farko za ka ji wani wuri yana tafiya fayau, daga baya taurin ya daidaita. Bayan haka kada ka sake kwantar da ita, jingine ta a tsaye.

Gargaɗi: kada filaya ta taɓa sandan mai sheƙi na sabuwa. Ƙaramin karce ɗaya zai riƙa yankan robar da ke tsare mai, cikin 'yan makonni ta fara zuba.

8. Ɗaura sabuwa

Mai bututu biyu tana da sama da ƙasa: jikin da ke ɗauke da mai a ƙasa, murfin ƙura a sama yana kallon ƙasa kamar hula. Idan aka kifa ta ba za ta yi aiki ba. Mai bututu ɗaya kuwa, bi yadda takardar cikin kwalin ta nuna.

Shafa wa robobi ruwan sabulu don su zame. Ban da giris, ban da man inji, domin suna kumbura roba su ruɓar da ita. Idan robobin masu tauri ne masu launin ja ko rawaya, nasu man silikon ne, yakan zo a cikin kwalin. Jikin bolti mara zare ana iya shafa masa ɗan man hana kamewa don wanda zai kwance nan gaba, amma zaren a bar shi a bushe, saboda mai a zare yana sa a ɗaure fiye da abin da sifanar awo ke nunawa.

Rataya sama tukuna. Jera washa, roba, zobe, roba, washa kamar yadda hotonka ya nuna. Washa mai lanƙwasa tana da fuskar da take kallo, a duba hoton da takardar kwalin. Juya notin da yatsu aƙalla zagaye 3 kafin sifana ta taɓa shi. Wanda ya ƙi shiga da yatsu, a karkace yake, fitar da shi ka sake.

Yanzu saita ƙasan shokazoba ya fuskanci maɗaurinsa, sannan ka yanke igiyar. Za ta miƙe a hankali, kai kuma bolti na hannunka, da ramin ya zo daidai ka tura. Idan ta wuce ka, tura ta sama da hannu biyu ka sake gwadawa. Mai bututu ɗaya na da matsi sosai, hannu kan gaza. A nan sa ƙaramin jak a ƙarƙashin shasi na wannan gefen ka ɗan ɗaga shi har tazarar ta buɗe, amma kada aksul ya tashi daga kan matokari. Kada ka buga bolti da guduma ya ratsa ramin da bai daidaita ba, zaren zai mutu. Yi amfani da sukundireba mai kauri ka jawo ramin.

Sa notin ƙasa, ka ɗaure duka biyun sama-sama kawai, yadda robar za ta iya juyawa.

9. Ƙarfafa noti

Wannan ne matakin da ko a warsha ake yawan tsallakewa. Robar da ke cikin zobe ba ta juyawa a kan bolti bayan an ɗaure, murɗewa take yi ta dawo. Idan aka ƙarfafa ta aksul na rataye, da an sauke mota sai ta zauna a murɗe dindindin, ta fara kuka, ta tsage tun ba a je ko'ina ba. Saboda haka a ƙarfafa ne lokacin da nauyin mota ke kan susta. Wanda ya tokare aksul ko ya yi aiki taya na ƙasa, yana iya ƙarfafawa nan take, bayan ya janye jak ɗin da ya sa wa shasi. Wanda ya tokare shasi, sai ya mayar da tayoyi ya sauke motar, ya girgiza bayanta, sannan ya shiga da sifanar awo.

Awon da ke littafin gyaran motarka shi ne hukunci, ma'aikacin wakala ko takardar kwalin na iya ba ka shi. Don ka san inda ake, boltin 8.8 mai kaurin milimita 10 yakan ɗauki wajen 45 zuwa 50 Nm, mai 12 wajen 80 zuwa 85, mai 14 wajen 130 zuwa 140. Kaurin jikin bolti ake nufi, ba lambar sifanar da ke kama kansa ba. Notin da ke matse roba kai tsaye a kan sandan walda sau da yawa awonsa ya gaza haka nesa, don haka kada ka ɗora masa waɗannan lambobi. Da sifanar ta yi ƙas, tsaya.

A mai tsinke, ɗaure har robar ta kumbura ta kai faɗin washa, shi ke nan. Idan ta fantsamo waje ka wuce gona da iri. Idan noti biyu ne, riƙe na ƙasa ka kulle na sama a kansa. Kada ka yi amfani da bindigar iska a tsinke, tana wulwula sandan ta lalata cikin shokazobar.

Ja layi da alƙalamin fenti daga kan kowane noti zuwa maɗaurinsa. Idan ya motsa daga baya, ido zai gani.

10. Ɗaya gefen da sauke mota

Maimaita mataki na 6 zuwa 9. Kafin ka mayar da tayoyi, duba cewa shokazoba ba ta gogar salansa, robar birki, wayar ABS ko wayar birkin hannu. Mayar da taya, ɗaure notuna da hannu a tsallake-tsallake, ɗaga, janye matokara, sauke, sannan ka ƙarfafa su da awon littafin mota, wanda a Hilux da yawa wajen 105 Nm ne. Mayar da safaya, ka daidaita iskar tayoyi da lambar da ke jikin ƙofar direba.

Sauya shokazobar baya a motar da ke da aksul guda da susta ba ya taɓa mizani, wato saitin tayoyi, ba sai ka biya kuɗin saiti ba.

11. Gwaji da abin da ƙara ke nufi

Fara da zagayen unguwa, gilashi a buɗe, rediyo a kashe. Hau matabb biyu ko uku a hankali, sannan ka fita babban titi kilomita 5 zuwa 10. Dawo ka leƙa layukan fenti. Jikin shokazoba zai yi ɗumi, wannan aikinta ne.

Ƙwanƙwasa a kan rami na nufin noti bai zauna ba, ko an manta bututun cikin roba, ko an juya washa. Idan duk waɗannan daidai suke, duba robobin susta da maɗaurin salansa da safayar da ba a ɗaure da kyau ba, domin ƙararsu na kama da juna. Ƙiƙi-ƙiƙi kamar tsohuwar ƙofa roba ce da aka ƙarfafa a murɗe: sassauta, girgiza motar a ƙasa, sake ɗaurewa. Idan baya ya natsu amma gaba na lilo, na gaba ne suka gaji, sabbin baya ne suka tona su. Sabuwar da ta zubar da mai a kwanakin farko, a mayar da ita shago da fatura.

Bayan kilomita 100 zuwa 200, ko bayan lodin farko mai nauyi, sake bin notunan shokazoba da na tayoyi da sifanar awo. Rubuta kwanan wata da kilomita a bayan faturar ka ajiye tare da takardun mota. Mai shirin fahas dauri, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, ya yi wannan dubawar kafin ranar.

Tsofaffin kuma kada a jefa su wuta, kada a yanka su ko a huda su a gida, kada a bar wa yara su yi wasa da su. A ba masu sayen khurda, wato tsohon ƙarfe, a gaya musu na gas ne.